Juyi Biyu a Tsirkiyar Vina

Duk wanda ya san Pimpalwadi ya san muryar Kondiba Shelke, amma da wuya ka sami mutum uku da za su gaya maka yadda matarsa take waƙa. Sunanta Shevanta. Ba wai ba ta da baki ba ne, don in akuya ta faɗa mata gonar albasa har bakin rijiya za ka jiyo ta. Waƙa ce kawai ba ta yi, kuma a garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu masu bautar Vitthal ne tun kaka da kakanni. Kowace Alhamis, in an dawo daga gona an wanke ƙafa, sai a taru a ɗakin bauta, maza a gaba, mata a baya. Mutum ɗaya ya rataya vina, molon nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu, ya ba da waƙa. Sauran su amsa suna buga tal, 'yan faifan tagullar da ake haɗawa da hannu. A cikin ɗakin nan babu mai gona babu ɗan ƙwadago. Kowa Mauli ne, wato uwa, namiji ko mace, kuma in an tashi kowa ya sunkuya ya taɓa ƙafar ɗan'uwansa.

An haifi Shevanta a wani ƙauye a bakin kogin Bhima. Tun tana ƙarama ubanta ke ɗora ta a wuya in an fita tattakin ibada zuwa garin Pandharpur, ita kuma tana buga masa kai da tafin hannu a madadin ganga. Muryarta kauri gare ta, a ƙasa take zaune, irin wadda ba ta son hawa. Babu wanda ya taɓa ce mata aibu ne. Tana da shekara goma sha tara aka kawo maganar Kondiba, ta kuwa yi murna, domin ta riga ta ji waƙarsa a wani taro kafin ta ga fuskarsa. Siririyar murya ce mai tashi sama, tana sa tsofaffi hawaye. Fuskar dai ba ta kai muryar ba, amma Shevanta ba ta damu ba.

Ɗansu na fari, Sudam, zazzaɓi ya ɗauke shi a damina yana da shekara biyu. Shevanta ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsorata mutanen gidan ke nan. Ta daina ci, ta daina magana, sai ta zauna a bakin murhu tana kallon toka. Da aka yi wata guda a haka, surukarta Parubai, tsohuwar da ba ta iya lallashi ba, ta kama hannunta ranar Alhamis ta ja ta har ɗakin bauta, ta dasa ta a tsakiyar mata.

Aka fara. Da amshi ya zo, muryoyi sittin suka tashi tare, tagulla ta cika ɗakin, sai Shevanta ta ji bakinta ya buɗe da kansa. Ba waƙa ce ta fito ba da farko, kuka ne, irin wanda ake yi da dukan ciki. Babu wanda ya waiwayo. Muryoyin sun rufe ta, kafaɗar wannan na taɓa ta, gwiwar waccan na taɓa ta, har kukan ya gaji ya koma suna, tana kiran Vitthal tare da kowa. Da suka koma gida ta cinye gurasar dawa biyu da ɗanyen barkono, ta yi barci. Tun daga ranar ta san abin da take zuwa nema duk Alhamis. Takan shiga da kaya a ƙirji, ta fito ta bar shi a can.

Shekara uku ta yi a haka. Sai wani mawaƙin ibada ya zo daga birni, aka ce zai zauna a taronmu. Kondiba ya sa farar hularsa sabuwa, ya ɗaure tsirkiyar vina ta yi sama fiye da kullum, don baƙo ya ji inda muryarsa ke iya kaiwa. Mutane suka yi ta miƙa wuya suna bin sa. Shevanta ta yi iya ƙoƙarinta, muryarta ta ƙi hawa. Ana tsakiyar waƙa Kondiba ya ɗaga hannu, komai ya tsaya.

Ya ce, "Wace ce a bayan nan take jan waƙar ƙasa?"

Ya san ko wace ce. Kowa ma ya sani. Wasu 'yan mata suka rufe baki da gefen zane, baƙon ya yi murmushi yana kallon rufin ɗaki. A gida Kondiba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Yana wanke hannu ya ce mata cikin sanyin murya, kamar mai ba da shawarar kirki, "Ke dai ki riƙa motsa baki kawai. Vitthal yana jin zuci."

Ta kuwa bi. Shekara ashirin da takwas Shevanta tana zuwa kowace Alhamis, tana zama a wurinta kusa da ginshiƙi, tana buga tal daidai, tana motsa leɓe. Ta haifi 'ya mace, ta rene ta, ta aurar da ita can birnin Pune. Ta binne surukarta a zuciya bayan an ƙone gawar a bakin rafi. Ta yi noman albasa har bayanta ya fara lanƙwasa. Duk wannan kayan da shi take shiga ɗakin bauta, da shi kuma take fitowa, kamar wanda aka zaunar gaban akushi aka ce ya ji ƙamshi ya tashi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ni na san ta riƙe shi a rai. Har jimlar ta adana, kalma da kalma, tana jiran ranar da za ta mayar masa da ita.

Mai carbin itacen tulsi a wuya, wato mabiyin Vitthal, ba ya cin nama, ba ya shan giya. Amma babu wanda ya ce komai a kan taba, mazan garinmu kuwa sun riƙe wannan 'yar kafa da hannu bibbiyu. Kondiba tun yana saurayi garin taba ba ya barin kuncinsa. Yana da sittin da biyu muryar ta fara dushewa. Ya ce sanyi ne, ya sha citta da zuma. Ya ce ƙurar sussuka ce. Da aka kai shi asibitin birni likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, aka yi aiki. Ya dawo da ransa, da tabo a wuya, da wata 'yar raɗa wadda sai ka kawo kunne kusa za ka ji, ita ma in ya yi minti kaɗan sai tari ya kama shi.

Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa. Haribhau Dhumal, dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin bauta, ya zauna a gefen gadon igiya ya dafa gwiwar Kondiba ya ce kada ya damu, ai Vitthal yana jin zuci. Shevanta tana zuba shayi a lokacin, saura kaɗan ta ƙona hannunta. Ga jimlarta, wani ya riga ta faɗa. Ta saci kallon mijinta don ta ga yadda ta same shi, ta ga ya kawar da kai bango. Ta daɗe tana zaton ranar nan za ta yi mata daɗi. Ba ta yi ba ko kaɗan.

Daga nan Kondiba ya daina zuwa taro. In Alhamis ta yi, lasifikar da ke kan rufin ɗakin bauta ta fara, sai ya ɗauki tabarma ya koma bayan garken awaki inda sautin ba ya isa sosai. Abinci sai ta yi da gaske yake cin rabin gurasa. Wando ya fara zame masa. Shevanta ta san wannan zaman, ita ma ta taɓa yin sa a bakin murhu, kuma ta san inda yake kai mutum in ba a ja shi ba.

Ana cikin haka makon suna ya matso. Sau ɗaya a shekara, bayan an cire albasa, mukan yi kwana bakwai ana kiran sunan Vitthal ba yankewa. Mai vina yana tsaye, ƙafa ba takalmi. Vina ba ta taɓa ƙasa, tsirkiya ba ta yin shiru, sunan kuma dole kunne ya ji shi, ba a zuci ba. Awa bibbiyu ake karɓa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. In ya yanke, an ɓata makon, sai a koma farko. Akwai wani gida a bayan makaranta da har yau ake ce wa gidan da aka ajiye vina, alhali wanda ya ajiye ta ya mutu shekara arba'in da suka wuce. Rabon gidan Shelke kuwa tun zamanin kakan Kondiba shi ne rana ta biyar, daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyu.

Haribhau ya zo da dabara. Ya yi ta kewaye-kewaye a kan zafin bana da farashin albasa, sannan ya ce ko Kondiba zai huta wannan shekarar, a ba wani. Kondiba ya tashi zaune. Shevanta ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe a gefen tabon.

Ya ce cikin raɗa, "Kakana ya tsaya. Ubana ya tsaya da ƙafa ɗaya a kumbure. Ni ne zan kwanta?"

Haribhau ya ce, "Mauli, kafaɗarka babu mai shakkarta. Sunan fa?"

Kondiba ya buga ƙirjinsa da yatsa, tari ya sarƙe shi. A ƙarshe aka shirya cewa shi zai riƙe vina, wani mai shago da ake kira Baban da kuma Dagadu wanzami su tsaya a gefensa da tal suna ɗaga sunan. Da Haribhau zai fita ya ja Shevanta gefe ya ce mata shi ne zai karɓa da ƙarfe biyu, amma da safe zai je kasuwar birni, ƙetaren rafi, sayo kayan abincin rana ta bakwai. A wannan makon Kondiba ya ci abinci. Ya sa ta wanke masa farar riga, yana ta gwada tsayuwa a tsakar gida. Ta gane cewa duk abin da ya rage masa ya ɗora shi a kan awa biyun nan. In sunan ya yanke a hannunsa, bayan garken awaki zai koma, kuma ba zai sake fitowa ba.

Rana ta biyar ta waye da zafi mai nauyi. Albasar gari duka tana shanye a gonaki, tuli-tuli, tana jiran ta bushe a kai rumbu. Shevanta ta raka Kondiba har ƙofar ɗakin bauta, ta ga ya taɓa ƙafar wanda zai canza, an rataya masa vina, sannan ta wuce gona. Daga can tana jin lasifika sarai: tsirkiyar mijinta a sama kamar kullum, muryar Baban, muryar Dagadu, tagulla tana tafiya daidai.

Wajen ƙarfe ɗaya iska ta juya. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, a watan da ba a san shi da ruwa ba. Albasar da ruwa ya taɓa a shanya ruɓewa take yi, kuma noman shekara ke nan. Gari ya watse. Maza da mata, tsofaffi da masu goyo, kowa ya nufi gonarsa da tamfol a ka. Shevanta ta ja nata ta fara rufe tulin farko, tana danne gefe da duwatsu, iska tana fizge mata. Tuli huɗu gare su.

Tana kan na biyu ta ji muryar Baban ta ɓace. Daga baya ya rantse cewa minti goma kawai ya ce zai yi a gonarsa ya dawo. Dagadu ya ci gaba shi kaɗai, yana sauri kamar mai son ya gama. Ɗigon farko ya faɗo mata a hannu. Sai tagullar ma ta tsaya, Dagadu shi ma ya fice. Ban ga laifin Dagadu sosai ba, 'ya'ya biyar gare shi da gona ɗaya, kuma ya ɗauka Baban na hanya.

Abin da ya rage a lasifikar shi ne tsirkiya, da wani sauti a ƙarƙashinta kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Kondiba ne ya matso da bakinsa jikin makirufo yana kiran sunan da abin da likita ya bar masa. Shevanta ta tsaya da dutse a hannu. Ta san iyakar raɗar nan, ta sha ƙirga ta a gida. Ta dubi tuli biyun da ke buɗe, ta dubi rufin ɗakin bauta. Ta yar da dutsen, ta tattare zanenta, ta sa gudu, mace mai shekara hamsin da uku da ciwon baya.

Ta same shi shi kaɗai a gaban gunkin Vitthal, rigar ta manne masa da gumi. Yatsansa bai bar tsirkiya ba. Leɓensa na motsi, sautin yana fita yana ɗaukewa, tari na taruwa a ƙirjinsa yana danne shi. Ya ɗago ya gan ta a bakin ƙofa. Ya leƙa bayanta ko akwai wani namiji, babu kowa sai ruwa da ya fara sauka.

Jimlar tana kan harshenta. Ba za ta taɓa samun lokacin da ya fi wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, ta ji daɗin nauyinta a baki na ɗan lokaci. Sai tarin ya ci ƙarfinsa, ya sunkuya. Kafin shirun ya sauka Shevanta ta taka tabarmar maza, inda ba ta taɓa tsayawa ba, ta ɗauki tal ɗin da Dagadu ya yar, ta buɗe baki.

Abin da ya fito ba shi da daɗin ji, gaskiya ɗaya ce. Murya ce da ta yi shekara ashirin da takwas a kulle, ga haki, ga kauri, tana can ƙasa, tsirkiya tana can sama, ba su haɗu ko'ina ba. Lasifika ta ɗauke ta ta watsa wa gari duka, ta dawo mata da ita ta taga. Kunya ta rufe Shevanta har ta ji kunnuwanta sun yi zafi, amma ba ta tsaya ba. Ta rufe ido tana kiran Vitthal, Vitthal.

Da ta buɗe ido ta ga hannun hagun Kondiba ya tashi. Gabanta ya faɗi, domin ta san wannan hannun, shi ne ya taɓa tsayar da waƙa. Amma wuyan vina ya nufa, inda 'yan ƙusoshin katako suke. Ya kama ɗaya ya murɗa a hankali yana kaɗa sauran don kada sauti ya yanke. Ya koma ta biyu, ta uku, ta huɗu. Tsirkiyar ta sauko, ta sauko, har ta zo ta zauna daidai inda muryar Shevanta take. Nan take waƙar ta daidaita. Muryar da aka ce tana jan waƙa ƙasa ta cika ɗakin, faffaɗa, ba ta karkace ko'ina ba.

Sai ta ji amshi. Daga nesa ya fara, daga gonar da ke bayan rijiya, wata mace tana danne tamfol tana amsawa. Wani ya karɓa daga wajen rafi. Waɗanda suka gama rufe albasa suka fara shigowa a jiƙe sharkaf, suna ɗaukar tal ba tare da sun goge fuska ba. Baban ya shigo kansa a ƙasa. Tsofaffin da suka yi shekaru suna miƙa wuya suna bin Kondiba suka ji waƙar ta zo musu har gida, suka saki murya. Shevanta tana bayarwa, mutum arba'in suna amsa mata, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Ta ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinta ya motsa, irin motsin da ya yi shekarar da Sudam ya tafi. Kondiba yana tsaye a gefenta yana kaɗawa, leɓensa na tafiya tare da kowa, babu mai iya cewa tasa ba ta fita.

Rafi ya tare Haribhau, sai kusan ƙarfe uku ya iso, laka har gwiwa. Ya taɓa ƙafar Kondiba, Kondiba ya taɓa tasa, aka sauya kafaɗa, sunan bai yanke ba. Da Haribhau ya kaɗa ya ji tsirkiyar a ƙasa, sai ya kai hannu zai ɗaure ta yadda aka saba. Kondiba ya riƙe masa wuyan hannu.

Ya ce, "Bar ta a nan."

A nan aka bar ta, kuma har yau a nan take. Muryar Kondiba ba ta dawo ba, ba kuma za ta dawo ba, amma bai koma bayan garken awaki ba.

Da ruwa ya ɗauke suka biya ta gona su biyu. Tuli biyu sun sha ruwa har ƙasa, rabin noman shekara ke nan, kuma ko ba a faɗa ba sun san ba za a tsira da shi ba. Kondiba ya tsuguna yana jujjuya albasa ɗaya a hannu. Shevanta tana tsaye a kansa.

Ta ce, "Maigida, juyi nawa ka yi wa kowace ƙusa?"

Ya ɗago kai bai gane ba. Ta sake tambaya. Ya yi ɗan tunani, sannan ya ɗaga yatsu biyu.

Ta ce, "Biyu."

Ya gyaɗa kai.

Ta ce, "Shekara ashirin da takwas. Ashe juyi biyu ne."

Ya ajiye albasar. Ya matso a kan gwiwoyinsa cikin laka, ya kai hannu ya taɓa ƙafarta, abin da ya yi wa kowane namiji a garin nan sau dubu bai taɓa yi mata ba. Bakinsa ya yi siffar Mauli, sautin bai fito ba. Shevanta ba ta janye ƙafar ba, ba ta kuma ce ya tashi ba. Tana tsaye a tsakiyar jiƙaƙƙiyar albasa ta fashe da kuka mai ƙarfi, karo na biyu a rayuwarta. Wannan karon babu muryoyin da za su rufe ta, ita ma ba ta nemi a rufe ta ba.